Wasiƙa daga Gini zuwa Maraɗi: abin da za ka ɗauka da abin da za ka bari a shirye

Ɗana, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce kai malamin jinya ne a nan Maraɗi, an ɗauke ka aikin sa-kai na shekara guda a yankin Nzerekore na ƙasar Gini, kuma mahaifinka, wanda ajami yake karantawa ba boko ba, ya ce bai gamsu da gaisuwar da ake gogewa daga waya ba, takarda yake so wadda zai riƙe a hannu, ya karanta, ya ninke ya saka cikin gafakarsa. Kana son ka san kayan rubutun da za ka zuba a jaka, da kuma yadda wasiƙa za ta taso daga can ta iso gida lafiya. Na yi shekaru masu yawa a bayan kantar gidan waya kafin in ajiye aiki, saboda haka zan amsa maka da abin da idona ya gani.

Duk matafiyin da ya zo mini da irin wannan tambaya, hankalinsa yana kan jaka, yana lissafin takarda da ambulan da alƙalami, alhali waɗannan su ne mafi sauƙi a cikin al'amarin. Wasiƙar da ake cewa ta ɓace, sau da yawa ta hau jirgi lafiya, ta sauka Yamai lafiya, ta ci kilomita fiye da 600 na hanyar da ta haɗa Yamai da Maraɗi, sannan ta maƙale a zangon ƙarshe, tsakanin gidan waya da zauren gidanku. Dalili kuwa shi ne a ƙasarmu ba a saba da ma'aikacin da ke bi gida-gida yana raba wasiƙu ba. Wasiƙa tana zuwa ne cikin akwatin gidan waya, wanda ake rubuta wa B.P. a bayan ambulan, ta kwanta a ciki tana jiran mai mabuɗi. Ba na manta wata dattijuwa da ta zo mini hawaye cike da idonta, tana cewa ɗanta da ya tafi karatu ya manta da ita, wata takwas ko layi ɗaya bai rubuto ba. Da muka bincika sai muka tarar mabuɗin akwatin yana hannun wansa, shi kuma ya tafi aiki Arlit da shi a aljihu. Ranar da aka buɗe akwatin ambulan bakwai muka zaro, duk da rubutun hannu ɗaya, na ƙasa har ya fara canja launi.

Saboda haka kafin ka sayi ko fallen takarda ɗaya, ka ɗauki ƙanenka ko wani amintacce ku je gidan waya na Niger Poste, ku tambayi kuɗin hayar akwati, ka biya na dukan lokacin da za ka yi a waje har da ɗan ƙari, domin kwantaragin aikin sa-kai yakan ƙaru da wasu watanni ba tare da an shirya ba. Idan kuɗin ya yi maka nauyi, ko kuwa babu akwatin da ba kowa, to akwai hanyar da mutanenmu suka daɗe suna bi, wato aron akwatin wata ma'aikata ko makaranta ko na wani ɗan kasuwa da kuka yarda da shi. A nan sai ka rubuta sunan mahaifinka, a ƙarƙashinsa ka sa S/C de, ma'ana ta hannun wane, sannan sunan mai akwatin da lambarsa. Amma ka je da kanka ka nemi izininsa, kada ka aika yaro. Mai riƙe mabuɗi ya zama mazaunin gari wanda ba ya yawan tafiya, ku kuma tsayar masa da rana, misali Litinin ko Juma'a da ake cin babbar kasuwa, ya riƙa biyawa yana dubawa ko da ba a ce masa an aiko da kome ba.

Adireshi shi ne inda na fi son ka natsu. Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, UPU, wadda aka kafa a birnin Bern na ƙasar Suwis ranar 9 ga Oktoba 1874, kuma yau take da ƙasashe 192, ta tanadi cewa adireshin wasiƙar da za ta ƙetare iyaka a rubuta shi da haruffan boko da lambobin da kowa ya sani. Cikin ambulan ka cika shi da ajami yadda ka ga dama, babu wanda zai hana ka, amma bayansa na ma'aikacin da ke tantancewa ne, wanda bai taɓa jin sunan Maraɗi ba, kuma daƙiƙa ɗaya ko biyu kawai zai ba wasiƙarka. Sunan mai karɓa a sama, a rubuta shi daidai yadda yake a katinsa na ɗan ƙasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin dattijon da duk unguwa ta sani da Malam ko Alhaji da wani laƙabi, a katinsa wani suna ne daban, kuma da rubutun Faransanci: Usman a baki, Ousmane a kati. Wasiƙar rajista ba a miƙa ta sai an ga kati, idan suna bai dace ba mai kanta zai riƙe ta, kuma yana da gaskiya. Bayan suna sai lambar akwati, sai Maradi, sai layin ƙarshe shi kaɗai da manyan haruffa, RÉPUBLIQUE DU NIGER. Ina ba da shawarar a ƙara lambar wayar mai karɓa, a fara ta da +227, a gefe da ƙananan haruffa.

Me ya sa na nace sai an rubuta sunan ƙasa cikakke? Saboda tsakanin Niger da Nigeria haruffa biyu ne kacal, kuma a Najeriya akwai jiha guda mai suna Niger wadda hedikwatarta take Minna. Mai gaggawa da ya ga Niger an rubuta da karkataccen hannu, musamman idan wutsiyar harafin ƙarshe ta ja, zai iya jefa ta cikin buhun maƙwabta. Na sha karɓar wasiƙar da ta yi wannan zagaye, ta iso bayan watanni da hatimi a gaba da baya kamar fasfon ɗan fatauci. Kai kuma matsalar ta zame maka biyu, domin ƙasar da za ka je ita ma tana da takwarori: akwai Gini mai babban birni Konakiri, akwai Gini Bisau, akwai Gini Ikwatoriya, ga kuma Papuwa Sabuwar Gini can gabashin duniya. Duk wanda zai rubuto maka daga gida ya sa RÉPUBLIQUE DE GUINÉE, ya ƙara Conakry kusa da shi.

Dabarar da ta fi kowace amfani ita ce ka rubuta adireshin nan tun kana gida, kana zaune hankalinka kwance. Ka je wurin masu buga takardu a kwamfuta su buga maka shi sau talatin ko arba'in a kan takarda mai danƙo a baya, ko a farar takarda ka yanyanka ka riƙa liƙawa. Mutumin da ya wuni a tsaye kan marasa lafiya, ya zauna da dare yana rubutu da hasken tocila, shi ne yake juya lambar akwati, 318 ta koma 381, kuma wasiƙar da ta shiga akwatin wani sai dai a yi fatan mai akwatin mutumin kirki ne.

Yanzu mu zo kan jaka. Farar takardar da aka fi sayarwa, A4 mai giram 80, kowane falle nauyinsa giram 5 ne, bandir guda mai falle 500 kuwa kilo biyu da rabi ke nan. Kada ka ɗauki bandir, alhali kilo 23 ne yawancin kamfanonin jirgi suke ba jaka ɗaya, kuma akwai takarda a Konakiri da Nzerekore. A gidajen waya da yawa matakin farko na kuɗin wasiƙa yana tsayawa a giram 20, wato ambulan ɗaya da falle uku, abin da ya haura haka sai kuɗi ya hau. Idan za ka rubuta sau ɗaya kowane mako biyu, wasiƙa 26 ke nan a shekara, falle 78, ƙasa da rabin kilo. Idan ka sami takarda mai giram 60 za ka iya saka falle huɗu cikin nauyi ɗaya, sai dai tawada takan huda ta, ba a rubutu gaba da baya. Ga mai ajami na fi son takarda mai layi mai faɗi, domin wasulla da ɗigo suna bukatar sarari, kuma idon dattijo ba na saurayi ba ne.

Ambulan shi ne abin da ya kamata ka zaɓa da kanka tun daga nan. Mu mutanen Maraɗi mun saba da ƙura da zafi, ba mu saba da laima ba. Nzerekore yankin kurmi ne, ruwa yana sauka watanni da yawa a shekara, iska kanta jiƙaƙƙiya ce. Ambulan mai danƙon da ake lasa da harshe, idan ya kwana biyu a irin wannan wuri, sai ka tarar duk ya manne da kansa tun ba a saka masa kome ba, wani kuma danƙon ya mutu ya ƙi kamawa. Ka nemi mai danƙon da aka rufe da siririyar takarda da ake ɓarewa, guda talatin zuwa arba'in, dogon nan da A4 take shiga idan an ninke ta uku, da manya guda biyar masu kauri saboda hotuna ko takardun aiki. Ka zuba su duka cikin leda mai zif, ka jefa ƴan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu cikin kwalin takalmi ko na magani, waɗanda kai ma'aikacin likita ba za su yi maka wuyar samu ba. Ka haɗa da salatif mai faɗi nadi ɗaya da ɗan kwali mai tauri da za ka riƙa ɗora takarda a kai, domin ba ko'ina za ka sami tebur ba. Almakashi ko reza a saka su cikin jakar da za a auna, kada su shiga jakar hannu.

Alƙalami kuwa bik ya isa, baƙi ko shuɗi, guda biyar ko shida. Alƙalami mai tawadar ruwa yakan yi yoyo a cikin jirgi saboda canjin matsin iska, kuma ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya narkar da rubutunsa. Ja ba a rubuta adireshi da shi. Na san zuciyarka za ta raya maka ka rubuta wa mahaifinka da tawadar allo don ya ji daɗi, to ka tuna ita tawadar allo an yi ta ne domin ta wanku, wannan shi ne amfaninta a makaranta, kuma shi ne illarta a cikin buhun da zai iya kwana a filin jirgi ruwa na dukansa. Ka sa fensir biyu a jaka, shi ba ya bushewa, ba ya yoyo.

Kan sarki, wanda mu a nan muke ce wa tambur, kada ka saya a Maraɗi da niyyar liƙawa a can. Wasiƙa da kan sarkin ƙasar da aka jefa ta take tafiya, na Nijar ba ya aiki a Gini, kamar yadda sefa ba ta aiki a kantar gidan wayarsu, domin su da nasu faran suke ciniki. Ranar da ka sauka Konakiri, kafin a wuce da kai kurmi, ka nemi babban gidan waya, a auna maka wasiƙa ɗaya, ka ji kuɗinta zuwa Nijar, ka sayi kan sarki na wasiƙu da dama a lokaci guda, saboda ƙaramin ofishi na can ciki yana iya rasa su. Su ma cikin leda za su zauna. Inda kan sarkin Nijar zai yi maka rana shi ne a gida: ka bar wa mahaifinka ambulan goma, ka riga ka rubuta adireshinka na can, ka liƙa musu tambur, ya zama abin da ya rage masa ya rubuta ya ba yaro ya jefa. Akwai kuma wata takarda da UPU ta fito da ita tun 1907, coupon-réponse international, wadda ake saya a wata ƙasa a canja ta da kan sarki a wata, amma ba kowane gidan waya yake sayar da ita ba a yau, kuma dabarar barin ambulan a gida ta fi ta sauƙi.

Gaisuwa da labarin lafiya a aika su a matsayin wasiƙa ta yau da kullum, a rubuta Par avion a kusurwar hagu, adireshinka kuma a ɗaya fuskar ambulan ko a sama ta hagu domin a san inda za a mayar idan ba a sami mai ita ba. Duk abin da ɓacewarsa za ta yi ciwo, kamar takardar shaidar aiki, takardar wakilci ko wani abin da ka sa wa hannu, a yi masa rajista, wato recommandé. Za a ba ka rasit mai lamba da ta ƙunshi alamomi 13: haruffa biyu, lambobi tara, da haruffa biyu na ƙasar da aka aiko. Ta rajista da R take farawa, ta saƙon gaggawa na EMS da E, ta babban ƙunshi da C. Taka za ta ƙare da GN, wadda aka aiko daga Nijar da NE, NG kuwa ta Najeriya ce. Ka ɗauki hoton rasit ɗin nan take ka tura wa mai riƙe mabuɗi, domin irin takardar da inji yake bugawa zafi yana goge ta cikin ƴan makonni. Ka kuma gaya masa cewa ita wasiƙar rajista ba a jefa ta cikin akwati, ƴar takardar sanarwa ake sakawa, sai mai suna ya zo kanta da katinsa, idan aka bar ta ta wuce wa'adi za a mayar da ita inda ta fito.

Kuɗi kada su shiga ambulan ko sau ɗaya. Dokar gidan waya ta hana saka tsabar kuɗi cikin wasiƙa ta yau da kullum, idan suka ɓace ba ka da bakin magana, ga kamfanonin aika kuɗi sun cika gari. Idan tsaraba ce, duk abin da ba takarda ba kaya ne a idon duwan, sai an cika takardar CN22 ga ƙaramin ƙunshi da bai wuce kilo 2 ba kuma ba mai tsada ba, ko CN23 ga wanda ya fi haka, a faɗi abin da ke ciki da ƙimarsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Turare na ruwa mai barasa a ciki, ashana, da batir na waya shi kaɗai, duk suna cikin abubuwan da ba a yarda su hau jirgi cikin buhun wasiƙu ba. Ka gargaɗi iyayenka mata tun yanzu, domin na san za su so su aiko maka da kilishi da turare, kuma nama yana daga cikin abin da ƙasashe da yawa suke tsarewa a iyaka.

Maganar kwana nawa za ta yi a hanya, ka sa makonni a ranka, kada ka sa kwanaki. Wasiƙa ba ta da jirgin kanta, cikin jiragen fasinja da na kaya ake saka ta, kuma sau da yawa sai ta bi ta wata ƙasa kafin ta sauka filin jirgin Diori Hamani na Yamai. Duk abin da ya tsayar da jirage ya tsayar da ita. Mun gani a 2020 lokacin annobar korona, da gidajen waya da yawa a duniya suka daina karɓar saƙon waje, mun kuma gani a 2023 da aka rufe iyakoki da sararin sama. Shi ya sa nake cewa ka sa wa kowace wasiƙa lamba a saman shafin farko tare da kwanan wata, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, kai ma ka riƙe lissafin a bayan littafinka. Idan ta shida ta iso kafin ta biyar, mahaifinka zai san akwai wadda take hanya, ba zai zauna yana saƙe-saƙe ba. Kafin ka rufe ambulan ka ɗauki hoton shafukan da wayarka. Idan wata biyu ya wuce shiru, sai ka tura hoton ta WhatsApp a buga masa a takarda, ya ga rubutun hannunka ko da ba ainihin takardar ba ce.

Hanya ta biyu ita ce hannun matafiyi, kuma a gaskiya ga wanda yake can cikin kurmi sau da yawa ta fi sauri. Ka tambayi ofishin ƙungiyar da ta ɗauke ka ko suna da jakar saƙo da ke tafiya tsakanin Nzerekore da Konakiri, da ko an yarda ma'aikaci ya saka wasiƙarsa ta gida, domin kowace ƙungiya da dokarta. Ka kuma nemi ƴan Nijar da ke kasuwanci a can, da wuya ka rasa Bahaushe a babbar kasuwa. Wanda zai zo Yamai ya kai ambulan tashar manyan motocin da ke zuwa Maraɗi kullum, a rubuta suna da lambar waya, washegari a kira ƙanenka ya je ya karɓa. Ladabin wannan hanya shi ne ka miƙa wa mutum ambulan a buɗe ya ga takarda ce kawai, sannan ka rufe a gabansa. Kai ma kada ka karɓi rufaffen ƙunshi daga hannun kowa ka ƙetare iyaka da shi, kome kusancinku.

Abu na ƙarshe da ya shafi rubutun kansa: ka san wanda zai karanta. Wasiƙar da ta shiga gidan Bahaushe ba ta mutum ɗaya ba ce, a zaure ake buɗe ta bayan la'asar, a karanta da ƙarfi, maƙwabci ya ji, a kai ta cikin gida a sake karanta wa iyaye mata. Ka fara ta yadda dattijo ya saba ji, takarda ta fito daga hannun ɗanka zuwa ga mahaifinsa, gaisuwa mai yawa da fatan alheri, sannan bayan haka, ka jero sunayen waɗanda za a gaisar kada ka tsallake kowa, domin wanda bai ji sunansa ba zai riƙe abin har ka dawo. Maganar da ta shafe ka da maiɗakinka a ba ta ambulan nata daban da sunanta a kai, ka kuma tabbata ita da kanta za ta karanta, ba ɗan lekol za a kira ba. Sunan marar lafiya ko hotonsa kada ya shiga takarda, amanar aikinka tana bin ka har cikin ambulan.

Tun da ta Yamai za ka tashi, ka gwada dukan shirin nan kafin ka bar ƙasa. Ka rubuta wasiƙa ta ɗaya, ka liƙa mata ɗaya daga cikin adireshin da ka bugo, ka jefa ta a gidan waya na Yamai, kada ka gaya wa mai riƙe mabuɗi. Idan ya kira ka cikin mako ɗaya ko biyu ya ce ya zaro ta kuma ta shiga hannun mahaifinka, to lambar akwati daidai take, mabuɗi yana aiki, mutumin kuma yana zuwa dubawa. Idan shiru ya yi yawa, ka kira ƙanenka tun kana Konakiri a canja mai riƙe mabuɗin kafin ka aiko ta biyu.